Jadawalin Kawu da Karatuna na Akanta

A unguwar Nima ta birnin Akra a Ghana aka haife ni, can na yi makarantar allo da ta boko, ban kuma bar unguwar ba sai da aka kai ni ɗakin miji a unguwar Madina, nan Akra. Baba dillalin albasa ne. A shekarun da zan ba da labarinsu a kasuwar Agbogbloshie yake zama, yana karɓar kaya daga manyan motocin da ke tasowa daga Nijar, tun kafin a tashi 'yan albasa a mayar da su Adjen Kotoku a 2021. Mma kuwa koko da ƙosai take yi a bakin layinmu. Ni ce ta uku a gidan, amma ni na fara kaiwa ga cike fom na jami'a, don haka maganar inda zan yi karatu ba ta tsaya a kaina ni kaɗai ba. Kowa a dangi sai da ya sa baki, waɗanda ba su taɓa taka ƙofar jami'a ba ma su suka fi zaƙewa.

Ajin kasuwanci na yi a sakandare, na rubuta WASSCE, jarrabawar gama sakandare, a 2015, shekarar da ɗauke wutar da muke kira dumsor ya fi tsanani, karatun dare sai da fitilar caji. Ga wanda ba a Ghana yake ba, darussa shida ake haɗa wa ɗalibi, uku na dole uku na zaɓi. A1 maki ɗaya ne, B2 biyu, haka har C6, kuma wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ne gwani, 6 ita ce ƙarshen kyau. Ni 11 na samu. A layinmu an yi ta guɗa, amma a makarantar kasuwanci ta Jami'ar Ghana da ke Legon, inda masu 6 da 7 ke tururuwa, 11 ba ta isa ta ba ni gurbin da gwamnati ke tallafa wa ba. Ƙofa biyu suka rage mini a can. Ko in shiga digirin gudanarwa a sahun masu biyan cikakken kuɗi, wanda ya ninka na sauran ɗalibai, ko in karɓi gurbi mai sauƙin kuɗi a wasu darussan da ba su haɗa hanya da akanta ba. A ɗaya gefen kuma UPSA, jami'ar koyar da ayyukan ƙwararru da ke Akra, wadda iyayenmu har gobe IPS suke ce mata, ta ba ni digirin akanta kai tsaye a kan kuɗin da kowa ke biya.

Ina da kawu, ƙanen Mma, da ke tuƙa tasi a New York. Mutumin kirki ne, shi ya sayo mini wayata ta farko. Da ya ji labari sai ya turo hoton wani jadawali na jami'o'in Afirka ta WhatsApp, ya zagaye Legon da jan layi, ita ce ta ɗaya a Ghana. Ya ce in duba in ga ko zan sami UPSA a shafin. Na duba, babu ita. Da dare ya kira, aka sa wayar a tsakiyar tabarma kowa na ji.

"'Yar nan, ke ba ki san ƙasar nan ba tukuna," in ji shi. "Ranar da za ki kai takardarki ofis, abu uku za su gani kafin su ga makinki: sunanki, mayafinki, da Nima a wurin adireshi. Sai kin sami na huɗu da zai rufe musu baki. Ki shiga Legon, ni zan biya."

Duk ɗan zango ya san Kawu ba tatsuniya yake yi ba. Na san samarin da ke rubuta adireshin wata unguwa a takardar neman aiki don kada a ga ta su. Shi ya sa har yau ba na yarda a yi wa masu ra'ayinsa dariya. Mutumin da aka daɗe ana rainawa, in ya ga suna mai nauyi dole ya so jingina da shi.

Baba ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri. Na bana za ka biya, ko har na shekara huɗun?" Kawu ya ce a fara da na bana, sauran Allah zai kawo. Baba ya ce haka ne, Allah ke kawowa. Bayan an kashe waya ya juyo gare ni ya ce shi dai a sana'arsa bai taɓa sayen kaya don an nuna masa bakin buhu ba, domin manya ake jerawa a sama, sai an zazzage ake sanin abin da aka saya. Ya ce in je in zazzage masa wannan jadawalin in dawo in gaya masa abin da ke ciki.

Akwai wani dattijo da suke sallah masallaci ɗaya da Baba, shi ke riƙe wa 'yan kasuwa da yawa littattafansu, yana kuma shirya musu takardun haraji. Wurinsa aka tura ni. Shi kansa a IPS ya yi karatu, don haka ban ɗauki maganarsa a matsayin ta alƙali ba, shi ma bai nemi in ɗauka ba. Bai ce mini shiga nan ko can ba. Ya tambaye ni wa ya haɗa jadawalin, me kuma ya ƙirga, na ce ban sani ba. Sai ya jawo tarin tsofaffin jaridun Daily Graphic daga ƙarƙashin tebur, ya ce in tafi da su in karanta tallan neman ma'aikata, duk inda aka ce ana son akanta in rubuta sharuɗɗan da aka gindaya.

Na fara da jadawalin, a wani shagon intanet. Ashe Webometrics ne, wata cibiyar bincike ta gwamnatin Spain ke fitar da shi sau biyu a shekara. Abin da yake aunawa shi ne ƙarfin jami'a a intanet, yawan shafukan duniya da ke nuni zuwa nata, da takardun binciken malamanta. Kuma jami'a ɗungurungum yake aunawa, da likitocinta da masana nomanta da kowa. Binciken da ake yi a cibiyar Noguchi ta jami'ar kan zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtuka yana ɗaga sunan Legon, kuma ya cancanci ya ɗaga. Amma babu layi ko ɗaya a ciki da ya ce ga yadda ake koyar da 'yar ajin farko lissafin kuɗi, ko mutum nawa ke zama a ɗakin lacca, ko nawa ne cikin waɗanda suka gama suka sami aiki. Na leƙa jadawalin makarantun kasuwanci da jaridar Financial Times ke yi, na tarar na masu digiri na biyu ne da manyan ma'aikata, bai shafi mai neman digirin farko ba sam.

Jaridun kuwa bakinsu kusan ɗaya ne: digiri a akanta ko harkar kuɗi, a kuma kasance an gama ko an yi nisa a jarrabawar ƙwararrun akantoci ta ICAG ko ta ACCA, a iya Excel, a yi aiki na 'yan shekaru. Ban ga tallar da ta ambaci matsayin jami'a a wani jadawali ba. ICAG ita ce hukumar ƙwararrun akantoci ta Ghana, tun 1963 take, jarrabawarta mataki uku ce, kuma mai digirin akanta daga makarantar da ta amince da ita ana yafe masa wasu takardu. Da na koma wurin dattijon da wannan, sai ya ba ni tarihin makarantarsu a taƙaice: Nana Opoku Ampomah ya kafa ta a 1965 don shirya mutane jarrabawar ƙwararru, daga baya gwamnati ta karɓe ta, a 2012 aka sauya mata suna. Wato abin da jaridu ke nema shi ne sana'arta tun asali.

Na zaɓi UPSA. Kawu ya yi fushi, bai sake kira ba sai da Babbar Sallah, ita ma gaisuwa kawai.

Ba zan ɓoye ba, shekarar farko da ɗan ciwo. Tirotiron, wato motar haya, da ke zuwa Madina daga tashar 37 ta gaban ƙofar Legon yake bi. Kullum da safe sai in ga sa'o'ina suna sauka a can, ni kuma in zauna sai an ƙara gaba. In an je biki aka ce "wannan ita ce 'yar jami'ar", tambayar da ke biyo baya ita ce "Legon?", in na ce a'a sai a ce "to, ba laifi", da irin muryar da ake yi wa mara lafiya sannu. Wata ƙawata da muka gama tare ta karɓi gurbin da na bari, ta karanta ilimin zamantakewa a Legon. Ta ji daɗinsa, yanzu tana aiki da wata ƙungiyar agaji, ta fi ni yawon duniya nesa ba kusa ba. Sai dai ita da ma ba akanta take so ba, sunan kawai take so, ta kuma yi sa'a abin da ta tarar a ciki ya dace da ita. Na san wasu da suka yi irin zaɓinta alhali akanta ke ransu, suka gama shekara huɗu sannan suka faro ICAG daga tushe.

A gida nake kwana, kuɗin hostel bai taɓa shiga lissafinmu ba, kuma duk wanda ya san tsadar ɗakin ɗalibai a wajajen Legon da Madina ya san ba ƙaramin abu aka tsallake ba. Da dare ni ke rubuta wa Baba littafin bashi. Albasa ba ta jira, in ta kwana biyu a rana sai ta fara ruɓa, don haka dole dillali ya bayar da ita bashi ga mata masu sayarwa a ƙananan kasuwanni. A aji na biyu aka koya mana yadda ake kasa bashi bisa daɗewarsa, na zo na yi wa littafin Baba haka: na mako ɗaya daban, na wata daban, wanda ya haura wata uku daban. Ranar da na nuna masa ya daɗe yana kallon shafin ƙarshe. Sunayen da ke ciki duk ya san su, amma bai taɓa ganinsu jere wuri ɗaya da jimilla a ƙasa ba. Daga ranar ya daina ce mini "'yar boko", ya koma "akantata".

Ina aji uku motocin haya na manhajar waya suka karya kasuwar 'yan tasi a New York. Abin da Kawu ke aiko wa Mma ya ragu, har ya zo ya tsaya na wani lokaci. Babu wanda ya ce komai a gidanmu, shi ma bai ce ba, amma kowa ya yi lissafin a zuci.

Na gama a 2019, lokacin da bai yi wa kowane ɗan kasuwanci daɗi ba. Daga 2017 Babban Bankin Ghana ya shiga tsaftace harkar kuɗi, ya ɗaga jarin da kowane banki zai mallaka zuwa sidi miliyan 400, bankuna tara suka rasa lasisi, aka kuma soke na ƙananan cibiyoyin ba da rance 347 a watan Mayun 2019. Mu da muka shiga makaranta da burin saka kwat a banki sai muka fito muka tarar da waɗanda suka shekara goma a banki suna neman aiki tare da mu. Ba a tambayi kowa daga wace jami'a ya fito ba kafin a rufe ƙofar. Na yi hidimar ƙasa a wani kamfani da ke shigo da kaya ta tashar Tema, korona ta same mu a can, na yi amfani da zaman gida na duƙufa kan ICAG. An yafe mini matakin farko saboda digirina. A zauren jarrabawar lamba ake rubutawa a kan takarda, mai dubawa bai san ko daga Legon kake ko daga Nima ba, kuma wannan ya yi mini daɗi ƙwarai.

Duk da haka akwai inda maganar Kawu ta same ni. Wani babban kamfani ya buɗe ɗaukar sababbin ma'aikata, sanarwar ta zagaya zaurukan tsofaffin ɗaliban wasu makarantu kafin ta iso gare mu, ni sai da aka kusa rufewa na ji. A wata intabiyu kuma ina zaune a waje ina jiyo dariya daga ciki, ashe shugaban masu tambaya da wanda ya riga ni shiga ɗakin kwana ɗaya suka zauna a jami'a, hirar da suka yi ke nan. Suna yana aiki a ƙasar nan, wanda ya ce ba ya yi bai nemi aiki ba. Har ma na lura sakandaren da mutum ya yi kan fi jami'arsa buɗe ƙofa: a ce kai ɗan Achimota ne, ko Presec, ko Mfantsipim, ko ke 'yar Wesley Girls ce. Amma wannan sunan ba daga jadawali ya fito ba. Legon tun 1948 take yaye mutanen da ke riƙe da ofisoshin ƙasar, nauyinta daga nan yake, kuma ba ya hawa ko sauka don wani kamfani a Ingila ya sauya ma'auni.

Shekarun da suka biyo baya ma sun nuna haka. Jadawalin U.S. News na Amurka ya taɓa sa KNUST ta Kumasi a gaba a Ghana. A watan Satumbar 2021 Times Higher Education ta fitar da nata, sai ga Jami'ar Cape Coast ta ɗaya a Ghana da Afirka ta Yamma baki ɗaya, a ma'aunin da kashi 30 cikin ɗari nasa yawan ambaton binciken malamai ne a takardun wasu masana. A 2023 kamfanin nan dai ya sa KNUST ta ɗaya a duniya a ɓangaren ilimi mai inganci na muradun ci gaba mai ɗorewa, ya kuma fitar da wani jadawalin na ƙasashen kudu da Sahara inda Ashesi, wadda Patrick Awuah ya kafa a 2002, ta zo ta tara, gaba da duk sauran na Ghana. Jami'a huɗu, kowacce na da allon da za ta rubuta "ta ɗaya" a kai, kuma babu wadda ta yi ƙarya. Kowane jadawali abin da ya ga dama ya ƙirga. Babban jadawalin Times na duniya ma ba ya karɓar jami'ar da ba ta wallafa takardun bincike dubu a shekara biyar ba, don haka makarantar da ƙarfinta koyarwa ne ba faɗuwa ta yi ba, ba a ma kira ta filin ba.

Wurin da na ga jadawali ya yi haƙora da gaske shi ne ƙetare. A 2022 Ingila ta fito da wata biza ta musamman ga waɗanda suka gama manyan jami'o'in duniya, sharaɗin a lokacin shi ne jami'ar ta kasance cikin hamsin na farko a biyu daga manyan jadawalai uku. Da aka fitar da sunaye babu jami'ar Afirka ko ɗaya. Wato a inda lambar ke yanke hukunci, da ta ɗaya a Ghana da ta goma duk a waje suke tsaye.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba a cika tambayarsa ba, wato ko kwas ɗin da yaro zai shiga yana da izinin hukuma. Wani yaron maƙwabtanmu ya shiga wata kwaleji mai zaman kanta da ta cika bango da tallan alaƙarta da jami'o'in Turai, sai da ya zo rajistar hidimar ƙasa aka gano kwas ɗinsa ba shi da izini. Uwarsa kayan ɗakinta ta sayar ta biya masa. Hukumar GTEC, wadda aka kafa a 2020, ita ke ba da izinin, kowane kwas da nasa ban da na makarantar kanta, kuma yana ƙarewa sai an sabunta. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na 2021 ya nuna har a manyan jami'o'in gwamnati akwai ɗaruruwan kwasa-kwasan da izininsu bai cika ba. Jadawalin duniya bai san da wannan ba.

Yanzu a wurin aikina ina cikin masu tantance 'yan hidimar ƙasa da za a kawo sashenmu. Nakan ba su takardar banki da littafin kuɗin kamfani in ce su daidaita a Excel, in kuma tambaye su nawa ake cire wa ma'aikaci na SSNIT, wato asusun fansho, nawa kamfani ke ƙarawa. Amsar kashi 5.5 da kashi 13 ce, kuma za ka yi mamakin masu digiri mai daraja ta ɗaya da ke inda-inda a kanta, daga kowace makaranta, har da tawa. Bambancin da nake gani a fili shi ne na waɗanda suka yi karatu a ƙananan azuzuwa, inda malami ya san sunansu yana kuma tilasta musu tsayawa gaban aji su yi bayani, da waɗanda suka je sanin makamar aiki a lokacin hutu. Su ba sa tsoron buɗe baki. Wannan kuwa abu ne da ake ganewa da kuɗin tirotiro: a je makarantar ranar karatu, a leƙa aji, a tsayar da ɗan ajin ƙarshe a tambaye shi inda yayyensa na bara suke aiki.

Da autanmu ya gama sakandare a 2023, Kawu ya sake turo jadawali, wannan karon har guda uku, kowanne da wadda ya zagaye. A shekarar ne aka yi juyin mulki a Nijar a watan Yuli, aka rufe iyakoki, motocin albasa suka maƙale a hanya kaya na ruɓewa a ciki, farashi ya yi tashin gwauron zabo a Akra. Yaron ya ga abin da ya sami Baba da abokan sana'arsa, ya ce shi harkar sufuri da jigilar kaya yake so ya karanta. Muka bi makarantun da ke koyar da ita ɗaya bayan ɗaya, muka duba izini, muka buga lissafin shekara huɗu ba ta farko kaɗai ba. Makarantar kasuwanci ta KNUST tana da fannin, gwaggonmu kuma tana zaune a zangon Ayigya, tsallaken titi daga jami'ar, ta ce ɗakin ɗanta da ya yi aure yana nan a buɗe. Can ya tafi. Kawu yana ta gaya wa abokansa a Bronx cewa a ƙarshe dai an ji maganarsa, yaro ya shiga ta ɗaya a duniya. Mma ta hana kowa ya gyara masa, shi ya saya wa yaron kwamfuta kuma ya biya na zangon farko.